Motar Sai-Jibi Mai Ƙofa Biyu

Sai-Jibi tela ne. Tela ya tashi, tela ya tsufa. Ki rubuta shi yadda na faɗa, kada ki gyara masa hali.

Sunan, masu kawo ɗinki ne suka laƙaba masa. Sauran teloli in ka zo karɓar kayanka, gobe suke ce maka. Shi ya fi su tsoron Allah. Sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Sai jibi." Jibin ma in ka zo, wani jibin ne. Amma fa in ya gama, ya gama. Ko tumbinka ya riga ka shiga ɗaki, rigar da ya ɗinka maka sai ta rufa maka asiri.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Keke ɗaya, teburin yanka, madubi mai tsaga, da bencin da masu jiran jibi suka goge har yana ƙyalli. Tef ɗin awo kullum a wuya, alli a bayan kunne. Ba ya rubuta awon kowa, a kansa yake ajiyewa. Mutum zai wuce a titi yana harkarsa, sai ka ji shi yana cewa, "Kafaɗa sha takwas. Wanda ya yanka masa wandon nan, Allah ya isa tsakaninsu."

Matarsa malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. 'Ya'yansu uku. Na fari Dogo, shekara sha shida, duk abin da ya ci a ƙafa yake sauka. Sai mace mai bi masa, ana ce mata Lauya, don ko gishiri ka ce ta miƙo sai ta tambayi dalili. Sai Auta, 'yar shekara shida.

Shekara goma sha shida Malama tana jan yaran nan a bas, rana ta dake su, ruwa ya jiƙa su, shi kuma yana cewa mota na nan tafe. Ita ma jibin aka yi mata. To, da Allah ya yi kuɗin motar suka samu, sai ta zaunar da shi ta karanta masa kamar ɗan aji ɗaya: ƙofa huɗu, but babba na zuba kaya, kada ta cika shan mai. Yayansa direban bas ne, da shi aka shirya za su je. Ranar sai Yaya ya samu lodi ya yi tafiya, Sai-Jibi ya tafi filin 'yan mota shi kaɗai. Nan aka fara ɓarna.

Dillali ya jera masa motoci masu ƙofa huɗu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓe baki, irin kallon da yake yi wa rigunan kanti.

"Waɗannan ai buhuna ne," in ji shi. "An dai zura taya a buhu."

Can ƙurya, jikin katanga, sai ya hango wata. Launin ruwan ƙwai. Gajera, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Ƙofa biyu. Fitilunta a lumshe suke, sai an kunna su ɗago kamar idon kwaɗo. Ta girmi Dogo da shekaru. Ya shafa gefenta da tafin hannu tun daga hanci har baya, yadda yake shafa yadi mai tsada.

"Wannan kam an yanka ta," ya ce. "Wanda ya yi ta ya san almakashi."

"Tela, 'ya'yanka nawa?" in ji dillali.

"Uku."

"To wuce. Wannan ta marasa 'ya'ya ce, ko waɗanda suka gudu suka bar su."

Bai ko ji ba. Ya riga ya shige, ɗuwawunsa saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Aka ba shi makulli ya tayar, ya ɗan taka totur. Motar ta yi gurnani har cikin haƙarƙarinsa. Ki gane, mutumin nan shekara talatin yana taka fedar keken ɗinki, safe da yamma, bai taɓa matsawa ko taku ɗaya ba. Yau ya taka, katanga ta koma baya.

Amma kada a ce bai yi tunanin iyali ba. Ya yi. Ya zaro tef ya auna faɗin 'yar kujerar baya. Ya haɗa ƙugun Dogo da na Lauya da na Auta a kansa. Sun shiga, har da rarar inci guda. Ya ce a kawo takardu.

Da ya shigo layinsu, kowa ya fito. Yara na ihu, mai aski ya bar kan mutum rabi ya biyo shi. Malama ta fito da alli a hannunta ita ma, ta zagaya motar sau ɗaya a hankali, ta tsaya.

"Baban Dogo, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran motar."

Da yamma Yaya ya dawo, ya tsaya a kanta, ta zo masa iya cinya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ƙanena, na bar ka yini ɗaya ka sayo takalmi."

Malama ba mai hayaniya ba ce, doka take kafawa. A gaban Yaya ta kafa ta.

"Asabar ta sama za mu gidan Inna, ta ga jikokinta. Tafiyar awa biyu ce. Mu biyar da jakarmu, sahu ɗaya. Daga ƙofar nan har ƙofar Inna, ƙafar kowa ba za ta taɓa ƙasa ba. Ba sauka a tura, ba sauka a miƙe ƙafa, ba sauka don ta haye tudu. In ta kai mu, motar iyali ce, ta zauna. In ba ta kai ba, Yaya ya kai ta a musanyo mai ƙofa huɗu."

"Ni zan bi ku a baya da bas, ba fasinja," in ji Yaya, yana murna kamar an ba shi sarauta. "Ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa, ku dawo a tawa."

Sai-Jibi ya ce ya yarda. Me zai ji tsoro? Ai ya auna.

Washegari ya kira yara gwaji, kamar yadda ake kiran mai riga. Ya kwantar da kujerar gaba, ya ce Dogo ya shiga. Dogo ya sa kai, ya sa kafaɗa, ya naɗe, ya zauna. Gwiwoyinsa suka zo daidai kunnuwansa. Kansa ya tokare rufi har wuya ya lanƙwashe. Aka zo mayar da kujerar gaba, ta ƙi komawa.

"Baba, numfashi fa?" in ji Dogo daga tsakanin ƙafafunsa.

"Yi shiru, ina tunani."

A nan ne ya gano abin da shekara talatin na sana'a ba su koya masa ba. Tela a tsaye yake auna mutum. Miƙe, ɗaga hannu, saki ciki. Bai taɓa auna wanda yake zaune ba. Bai san mutum in ya zauna cinyarsa gaba take tafiya tana neman wuri ba. Faɗi ya auna, faɗi kuma ya isa. Tsawon ne babu.

Lauya ta leƙa ta ce, "Baba, in an shigar da mu an kasa fitar da mu, laifin wa?"

"Laifin wanda ya haife ki da baki."

Da wani ne, nan zai saduda. Shi kuwa sai ya ce ai kaya in ba su zauna ba, gyara ake yi, ba a jefarwa. Ya rufe shago. Masu ɗinki suka zo, ko jibin ba su samu ba. Ya fito da benci ƙofar gida, ya zaunar da yaran a jere, ya auna daga baya zuwa gwiwa, daga mazauni zuwa tsakar kai. Ya ciro kujerar baya ɗungurungum, ya farke ɗinkinta, ya yanke soson ya rage masa kauri, ya mayar da fatar ya ɗinke da hannu, ɗinkin da ya fi na kamfanin kyau. Da wannan kan Dogo ya samu wuri.

Ƙafafun kuwa, sai ya tuna yadda ake yi in yadi ya yi kaɗan. Ba a jera yanka a miƙe, juya su ake yi, wannan ya shiga hammatar wancan. Ya sa Dogo a kusurwar bayan direba, ƙafafunsa suka gitta zuwa bayan kujerar uwarsa. Lauya a ɗaya kusurwar, ƙafafunta a kan nasa. Auta a ɗan gurbin da ya rage, kamar aljihu. Ya zana wa kowa da alli inda ɗuwawunsa zai sauka. Shiga ma da tsari: Dogo, Lauya, Auta. In aka saɓa, sai an fito an sake. But ɗin kuwa ko akwatin kirki ba ya ci, ga shi da wani lanƙwaso. Sai ya auna shi ya ɗinka jaka daidai siffarsa, ta shige kamar ƙafa a safa.

Ya zaci ya gama. Ashe akwai abu na biyu da tela bai sani ba: yadi ba shi da nauyi, mutum yana da shi. Daga gidansu zuwa babban titi akwai tudun rage gudu har bakwai. Shi kaɗai lafiya lau yake haye su. Ranar da ya gwada da yara, tudun farko ya ji ƙiiii a ƙarƙashi, salansa ta gurji siminti, shi kuma kamar cikinsa aka gurza.

Malama ta ce ba za ta shiga gwaji ba sai na ƙarshe, ita ba 'yar tsana ba ce. Sai ya roƙi mai aski ya zauna a madadinta, don nauyinsu ya zo kusa. Kwana huɗu suna hawa da sauka a layin nan. Mutane na zaune suna ba da shawara, kowa ya zama injiniya. Mai aski har ya fara shiga aikin da gaske, yana cewa da muryar Malama, "Baban Dogo, a hankali mana, za ka kashe mu." A ƙarshe ya gano dabarar: ba a tunkarar tudu kai tsaye, a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar yankan gicciye. Mota ta rangaɗa hagu, ta rangaɗa dama, ta sauka ba ko ƙis.

Ranar Juma'a da la'asar aka yi gwajin ƙarshe. Malama ta fito, ta tattare zani, ta zauna. Don ƙafafun Dogo su samu wuri, dole kujerarta ta matso gaba har wani layin alli da ya ja. Layin nan da awonta ya ja shi, awon da ya haddace shekara goma sha bakwai. Ya turo kujera ta kai layi, ya jawo mata bel. Sai ya ga ta ɗan ja numfashi.

Hannun tela ba ya neman izini. Kafin ya yi tunani tef ya zagaye ƙugunta. Ya duba. Ya sake dubawa. Inci uku sun ƙaru. Ya kalli damtsenta, yana nan yadda yake. Ya kalli wuya, yana nan. Ƙibar abinci ba ta zaɓen wuri, ko'ina take zuwa. Wannan kuwa wuri ɗaya ta tsaya, kuma sau uku ya taɓa ganin irinta.

Malama ta kafe gilashin gaba da ido kamar ana nuna wani abu a ciki.

Ya yi lissafin a tsaye. Shida. Motar da ya yi kwana goma yana lallashi ta ɗauki biyar. In ya buɗe baki yanzu, ba sai an kai Asabar ba, Yaya na iya zuwa da igiya yau ya ja motar.

"Ya yi daidai?" in ji Malama, ba ta juyo ba.

Ya naɗe tef ɗinsa a yatsa. "Daidai."

Asabar da hantsi aka jera. Dogo, Lauya, Auta, kowa a kan allinsa. Jaka a but. Yaya a baya da bas fanko, ya sa sabuwar riga don murna. Tudu na ɗaya, a karkace. Na biyu. Yaya yana danna hon yana leƙowa ta taga.

"Ƙanena, tuƙi kake ko rawa?"

Sai-Jibi bai kula shi ba, gumi na bin bayan kunnensa yana narkar da alli. Na bakwai ya wuce, 'yan layi suka yi tafi kamar an ci ƙwallo.

Suka hau babban titi. Shi kuma tsoro ya sa yana tafiya sannu-sannu, kamar ya ɗauko ƙwai a faranti. Manyan motoci na wuce su, mai babur ya wuce su. Can sai Malama ta dubi madubin gefe.

"Wai iyakarta ke nan? Duk gurnanin nan na banza ne? Ga Yaya can zai wuce mu da bas."

Ya dube ta. Ta ɗaga gira. To, sai ya sauke giya ya taka.

Ke ba ki san irin motocin nan ba. Ba tashi suke yi ba, mannewa suke yi da titi. Kujera ta rungume kowa ta baya. Itatuwa suka zama layi ɗaya. Auta ta saki ƙara, Dogo na cewa "Ƙara, Baba, ƙara!", Lauya a karon farko a rayuwarta ba ta tambayi dalili ba. Bas ɗin Yaya ya koma kamar ƙwaro a madubi, can ya ɓace. Malama kuwa ta sauke gilashi, iska na fizgar ɗankwalinta, ta dafe shi da hannu ɗaya tana dariya. Irin dariyar da bai ji ba tun kafin a haifi Dogo. Ya ce a ransa, ko yau aka ƙwace motar nan, ya ci riba. Ƙarya yake yi, ba ya so a ƙwace.

Sun ci fiye da rabin hanya sai titi ya fara hawa duwatsu, kwana bayan kwana. Nan ne motar ta fi daɗi, tana shan kwana kamar allura na bin lanƙwasar wuyan riga. Nan ne kuma dariyar Malama ta ɗauke. Ya saci kallonta. Gumi ya tsattsafo a saman leɓenta. Ta haɗiye miyau. Ta sa bayan hannu a baki.

Ya rage gudu. Saura kamar minti ashirin su kai. Ba ta ce ya tsaya ba, kuma ya san ba za ta ce ba, don ita ta kafa dokar, Malama kuma ta gwammace ta shiɗe da ta karya dokarta da bakinta. In ya yi kamar bai gani ba, minti ashirin ne kawai, mota ta zama tasa. Kwana ɗaya ya ƙara sha, ya ji ta yi wani ɗan nishi ta hanci.

Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birki.

"Me ya faru?" ta ce da ƙyar.

"Buɗe ƙofa, Malama."

"Ka san in na..."

"Na sani. Buɗe."

Ta buɗe. Ba ta ma samu zarafin cire bel ba, ta dai sunkuya gefe, ga ƙasa nan kusa da ita, bai fi taƙi ɗaya ba. Ta yi abin da za ta yi. Shi yana dafe da bayanta, yana kallon sitiyarinsa irin kallon ban kwana. Dogo ya zaro gorar ruwa daga ƙarƙashin Lauya aka miƙo gaba.

Suna nan sai ga bas yana huci. Yaya ya diro, ya wangale ƙofar fasinja, bakinsa har kunne.

"To, alhamdulillahi! A fito, a fito. Akwai wuri, kowa da tagarsa. Ƙanena, kawo makulli."

Sai-Jibi har ya kai hannu. Sai muryar Lauya ta fito daga baya, daga wajen gwiwar Dogo.

"Baba Babba, wa ya sauka?"

"Ga uwarku nan."

"Dubi ƙafarta."

Yaya ya duba. Ƙafafun Malama biyu suna cikin mota, a kan tabarmar roba, takalmi ko ƙura babu. Ya zagaya motar yana duban yashi kamar mai neman sawun ɓarawo. Sawu ɗaya ne a wurin, nasa.

"Ai an tsaya," ya ce.

"Ba a hana tsayawa ba, sauka aka hana. Kana wurin."

Malama ta kurkure baki, ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗago.

"Yaya, da a bas ɗinka ne, kafin in ratsa mutane in sauka matakala uku, da a wuyan wani bawan Allah na gama. Rufe min ƙofar nan. Mu je, Baban Dogo. A hankali a kwanar."

Haka suka isa ƙofar Inna, bas na bin su shiru ba hon. Aka fito da tsari, Auta, Lauya, sannan aka jawo Dogo kamar ana zare zare daga allura. Ƙafafunsa sun yi tsami, ya tsaya ya riƙe katanga. Inna ta fito tana ƙirga jikoki, ta leƙa cikin motar, ta sake ƙirgawa.

"Duk daga nan kuka fito? Akwai ƙofar ƙasa ne?"

Kowa ya shige gida. Su biyu suka rage a mota, injin yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.

"Jiya ka auna," in ji Malama.

"Na auna."

"Ka yi shiru."

"Ke ma kin yi shiru."

Ta gyara ɗankwali a madubi. "Motar ta zauna. Na faɗa, ba na janyewa. Kuma ran Litinin da ita za ka kai ni makaranta, ka tsaya daidai tagar ofis, su gani. Amma nan da wata biyar mu shida ne. Ni dai nawa na faɗa maka. Kai ne tela."

Ya juya ya daɗe yana kallon kujerar baya. Babu sauran soson da za a rage. Babu inda za a juya kowa. Sai ya ɗaga ido ya hango Dogo a zaure yana ɗingishi, kansa na neman taɓa saman ƙofa.

A hanyar komawa, bayan sun wuce duwatsu, ya dubi madubi ya gyara murya.

"Dogo."

"Na'am, Baba."

"Ka taɓa tunanin makarantar kwana?"

Zangon da ya biyo baya Dogo ya tafi. Shekara tara motar nan ta yi a gidan, kuma duk yaron da gwiwarsa ta fara taɓa kujerar gaba, sai ka ga uban ya tashi da son ilimi, yana yawon neman fom. Duka huɗun sun yi karatu mai zurfi. Har yau in Dogo ya tashi magana a taro, sai ya ce mahaifinsu bai yi boko ba, amma bai taɓa ganin mutumin da ya matsa wa 'ya'yansa su tafi makaranta kamarsa ba. Lauya takan sunkuyar da kai ta kama tari.